Yadda na gyara karyayyen sifirin ɗin tsohuwar Land Cruiser tawa a ƙofar gida

Motar fikof ce, Land Cruiser 75 mai injin 1HZ ɗin nan na gas lita 4.2, irin waɗanda sifirin ɗinsu falle-falle ne gaba da baya, don sai a 1999 Toyota suka mayar da na gaba mai naɗi. Duk wanda ya taɓa riƙe irinta ya san injin ba shi da fitina, ƙasan motar ne ke cin kuɗi, ballantana mu da muke shiga da ita fadama a nan gefen Haɗeja muna kwaso shinkafa a hanyar da in damina ta wuce ba abun da ke kanta sai gargada da ramukan da tarakta ta bari.

Abun da na fara lura da shi bayan motar ya ɗan kwanta ta hagu, sannan in na faɗa rami sai in ji wani ƙwas daga ƙasa. Na leƙa na ga falle ɗaya ya zamo ya leƙo waje, nace to sifirin ya karye, ba wani abu bane, kowa nashi na karyewa. Sai kuma sitiyari ya daina zama daidai, kana tafiya a miƙe amma shi ya karkace, har wani da ya biyo ni a babur daga gona ya tsayar da ni yace Alhaji motar nan fa tafiyar kaguwa take yi, gaba na nan baya na can. A lokacin ne na tsuguna na kalli tayoyin baya sosai, wallahi sai da gabana ya faɗi. Tayoyi biyu 7.50R16 da ban daɗe da saka su ba, gefe ɗaya na kowacce ya cinye ya yi sumul. Har yanzu in na tuna tayoyin nan raina ɓaci yake, kuma zan yi ta maimaita maganarsu don su ne asarar.

Dalilin da yasa na ce a gida zan yi aikin, kafin damina na kai motar wani gareji a cikin gari aka canja min bushin, suka sauke sifirin ɗin gaba ɗaya suka mayar, kuma a lissafin da aka ba ni har da kuɗin sababbin yu-bol, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa kamar harafin U da ke ɗaure sifirin a jikin aksul. Na biya ban yi musu ba. To tunda abun ya zo ya lalace a wurin da aka taɓa, nace wannan karon da idona zan ga komai.

Ɗaga motar ba sai na tsaya bayani ba, weji a tayoyin gaba, jak a ƙarƙashin aksul, shasi kuma ya zauna a kan gungumen icce mai kauri. Abu ɗaya kawai, don Allah kar wanda ya ɗora shasi a kan bulo na siminti, bulo ba ya gargaɗi, fashewa kawai yake lokaci ɗaya kana ƙasa. Kuma a kula da robar birki ta baya kar aksul ya rataya a jikinta in an sauke jak. Na kwance shokozoba ta ƙasa, na jiƙa duk notocin da kananzir tun dare don nasan tsatsa za ta ba ni wahala, don a wannan motar sifirin a ƙarƙashin aksul yake, notocin yu-bol ƙasa suke kallo, su ke shan laka da duwatsu.

Na kawo soket na zura dogon fayif a hannun na gyara tsayuwa zan yi kokawa da noti, ina taɓawa sai ya juya. Babu wani ƙarfi da na sa. Na biyu ma haka. Na uku da yatsu ƙanina ya ƙarasa kwance shi, ya ɗago yace Yaya wannan ai ba a ɗaure yake ba. Da muka zaro yu-bol ɗin muka kawo su haske, tsofaffi ne tuƙuf, tsatsa ta cinye wuyansu ya sirance, haƙoran da noti ke hawa sun miƙe sun kwanta, ɗaya ma an tara masa wasa har uku don notin ya samu inda zai kama. Waɗannan ne wai sababbin da na biya kuɗinsu.

Muna sauke farantin ƙasa sai fallayen suka buɗe suka zube da kansu, Allah ya taimaka mun riga mun matse su da kilam ɗin kafinta ta gefe ɗaya shi yasa ba su yi tsalle sun sami kowa ba. Ashe senta bol ya daɗe da gutsurewa. Kuma ba falle ɗaya ne ya karye ba, uku ne, dukkansu a wuri ɗaya, daidai kan hujin tsakiya inda senta bol ke ratsawa. Biyu bakin karayar ya yi baƙi da tsatsa, alamar sun daɗe, ɗaya ne kawai yake ƙyalli sabo.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon direban babbar mota ne, yana zaune a kan benci yana kallonmu tun safe bai ce komai ba. Na ɗauki guntayen na kai masa nace Baba duba min wannan. Ya jujjuya su a hannu yace ɗan nan, lodi ba ya karya sifirin a nan wurin, in lodi ne ko tsufa za ka ga ya karye can tsakanin aksul da ido, amma in ka ga karaya a kan huji to yu-bol ne ya saki. Na zauna na yi ta tunanin maganar kuma gaskiya ce tsantsa. Tsakiyar sifirin shi ne wuri mafi rauni saboda an huda shi, abun da ke kare shi kawai matsewar da yu-bol ke yi, in an ɗaure tam wurin ya zama dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ya lanƙwasa sam. Da zarar ya saki sai tsakiyar ta fara motsi a kowane rami, tsagewa ta fara daga bakin huji tana ci a hankali. Shi kuma senta bol ba a yi shi don ya riƙe aksul ba, aikinsa ya haɗa fallaye kansa kuma ya shiga ramin mazaunin aksul ya nuna masa wurin zama, to in yu-bol ya saki duk ƙarfin birki da na tashi a kansa yake sauka, dole ya gutsure. Ya gutsure, aksul ya ja baya ta hagu, mota ta karkace, taya ta dinga gogar ƙasa a kaikaice. Ka ga yadda yu-bol na ƴan kuɗi kaɗan ya cinye min tayoyi biyu.

Na ɗauko tef na auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a ɓangaren da ban taɓa ba, ya ba ni abun da ya kamata, don tazarar 75 milimita 2,980 ce. Na kalli shatin da aksul ya bari a kan babban falle na hagu kuwa, ya goge ƙarfen ya matsa baya ya kai faɗin yatsu biyu.

Masu ba da shawara ba su ƙarewa, kowa ya zo wucewa sai yace a kai wa mai walda ya ɗinke. Ban yarda ba kuma ba zan taɓa yarda ba. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne an kashe shi a wani ma'auni na musamman shi yasa yake lanƙwasa ya dawo, wutar walda na taɓa shi ta lalata wannan gashin, waldar za ta riƙe amma gefenta zai karye, kuma ba ya karyewa sai kana da kaya a tsakiyar daji. In mutum ya maƙale a hanya ya yi walda don ya lallaɓa ya iso gida wannan daban, amma a ce shi ne gyara, a'a. Haka masu gasa shi da wutar gas wai su ƙara masa lanƙwasa, shi ma lalata shi suke.

Kano na tafi, Ƙofar Ruwa, da guntayen a buhu da kuma falle ɗaya lafiyayye daga ɗaya gefen. Wannan ya taimake ni ƙwarai don da baki ba za ka iya kwatanta sifirin ba, sai ka ɗora wannan a kan wancan ka ga faɗi ɗaya ne, kauri ɗaya ne, lanƙwasar ta hau, huji ya yi daidai. Tsawo in ya ɗan fi ba matsala ana yankewa da injin yanka a hankali ana zuba ruwa kar ya yi ja, amma huji ka nemi wanda ya zo da nashi don huda ƙarfen nan a gida azaba ce. Na samu na tokumbo masu kyau, na share kowanne da burushin ƙarfe a gaban mai kayan na duba bakin hujin da kyau ko akwai tsaga. Uku na hagu uku na dama na saya, don in ka canja gefe ɗaya kawai mota ba za ta tsaya daidai ba. Senta bol sababbi biyu. Yu-bol kuwa sababbi dal guda huɗu da notocinsu masu tsawo, na tsaya na zaɓi masu nauyi, na hau da noti na sauke a kowanne kafin in biya, mai shagon har yana cewa Alhaji kamar mai sayen gwal. Ni na san abun da ya same ni.

Haɗawa ba ta ba mu wahala sosai ba. Mun kankare tsatsar kowane falle, na shafa giris kaɗan-kaɗan a bakin fallayen kawai, ban cika ba don ƙurar hunturu in ta samu giris da yawa sai ta zama yashi mai cin ƙarfe. Dabarar da ta yi min amfani, na zura dogon rodi mai haƙori a hujin na dinga ɗaure noti yana jawo fallayen har suka haɗe, na matse da kilam ta gefe biyu, sannan na zare rodin na sa senta bol na gaskiya na yanke abun da ya yi saura. Kar ka yi amfani da senta bol ɗin wajen jawo su, za ka gajiyar da shi tun kafin ya fara aiki.

Inda muka sha gumi shi ne shigar da kan senta bol cikin ramin mazaunin aksul, don aksul ɗin ya saba da zaman karkace ya ƙi dawowa, ga furofela na riƙe da shi. Sai da muka ɗaura bel ɗin ɗaure kaya daga aksul zuwa shasi ta gaba, ƙanina na ja kaɗan-kaɗan ni ina kwance ina leƙe da tocila ina cewa ƙara, ƙara, tsaya, har na ji ya faɗa ƙwal. In bai faɗa ba ka ɗaure yu-bol a haka to ka yi aikin banza, za ka ga kaman ya ɗauru amma kan bol ɗin ne ya tokare, kana fita zai zame komai ya saki. Ramin ma na duba shi da kyau don tsohon ya ɗan cinye bakinsa, Allah yasa bai yi faɗin da zai hana kan zama ba.

Yu-bol ɗin na ɗaure su a gicciye, wannan kaɗan, na kusurwar can kaɗan, ina zagayawa har farantin ya zauna daidai bai karkata ba, sannan na aro sifana mai awo na ƙarasa a kan adadin da littafin motar ya ce. Notocin shakul da na fin ɗin gaba kuma, wato inda bakunan sifirin ke kama shasi, ban ƙarasa ɗaure su ba sai da na sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta na girgiza ta, don in ka ɗaure bushin alhali mota tana sama a kan jak, tana sauka zai murɗe ya yage da wuri. Na sake aunawa da tef, hagu da dama suka zo ɗaya. Gaskiya daɗin da na ji a wannan lokacin ba kaɗan bane, na fita da ita titi sitiyari ya tsaya cak a tsakiya.

Ga abun da nake so kowa ya ji. Bayan na yi lodi na farko na dawo daga fadama na sake shiga ƙasa da sifana, kuma duk notocin takwas sai da suka ƙara karɓa, wasu kusan rabin zagaye. Sababbi ne fa, ni na ɗaure su da hannuna a kan awo. Fallaye ne ke zama, ɗan fenti da ragowar tsatsar da ke tsakaninsu na murƙushewa sai matsi ya ragu. Kenan ko da garejin nan sun sa min sababbin da na biya, ya kamata wani ya ce min Alhaji in ka yi tafiya ka dawo a ƙara ɗaurewa, magana ce ta minti ɗaya, babu wanda ya faɗa. Tsohon yu-bol kuma ya riga ya miƙe tun ɗaurin farko, ko ka hau kan fayif da ƙafa ba zai riƙe matsi kamar da ba, shi yasa ba a mayar da shi. Na sake dubawa bayan wasu lodin, sai da na ga sun daina karɓa sannan hankalina ya kwanta.

Lodi kam muna yi mata fiye da ƙima, duk mai irin motar nan a fadama haka yake, kuma nasan yana rage wa sifirin kwana. Amma shekara da shekaru tana ɗaukar wannan lodin falle bai taɓa karyewa a kan huji ba sai bayan da aka mayar mata da ruɓaɓɓun yu-bol. Na leƙa na gaba ma tunda hannu ɗaya ne ya taɓa su, na tarar biyu sun fara saki, fallayen dai lafiya lau, na canja su duka huɗun. Tayoyin baya kuwa na juya su na mayar da gefen da ya cinye ciki ina lallaɓawa da su a hankali ba na gudu a kwalta, sai na sayar da shinkafa zan iya sayen wasu, kuma kuɗin guda ɗaya kawai ya fi abun da na kashe a kan yu-bol takwas da senta bol biyu nesa ba kusa ba.