Naƙuda ba ta san dare ba, amma ni ma ina da gida

Mu shida ne yanzu a wannan aiki, a garuruwan da ke tsakanin Jahun da Gujungu. Muna raka mai ciki awo, mu zauna da ita a naƙuda, sannan mu riƙe hidimar jego har ta yi arba'in. Karɓar haihuwa ba namu ba ne, na ma'aikatan asibiti ne. Wata jami'ar lafiya ta taɓa gaya min cewa a ƙasar Turawa "dula" ake ce wa irinmu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a bar kowace mace da wadda hankalinta ya kwanta da ita a gefenta lokacin haihuwa. Na ji daɗi ƙwarai, domin abin da muka gada ke nan tun kaka da kakanni.

A hannun goggona na koya, ƙanwar mahaifina, ungozomar garinmu. Tun ban isa aure ba nake bin ta da ƙwarya da ganyen darbejiya. Ita ta nuna min yadda ake danna ƙugun mai naƙuda da tudun hannu, ba da yatsu ba, a saki idan ciwon ya lafa, a koma idan ya taso. Mai cikin fari kuwa kunya ba za ta bar ta ta yi ko tari ba, sai Goggo ta raɗa min, "Ke 'yar nan, bar kallon fuskarta, dubi yatsun ƙafarta." Idan ta murɗe su ta kafe a tabarma, to abu ya kankama, ko da bakinta na cewa lafiya lau. Ruwan wanka ma sai ta tsoma gwiwar hannunta tukuna. Takan ce ruwan da ya gagari fatarki, kada ki kai shi jikin 'yar mutane.

Akwai inda na rabu da ita, Allah ya jiƙanta. Ba na cika kanwa a kunu, ba na kwantar da mai jego kan gado a hura wuta a ƙasa. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka fara zargin cewa yawan kanwa da tsananin zafin nan na da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama mata bayan haihuwa. Cibiya kuma man da asibiti ke bayarwa muke shafawa, ba toka, ba man goge baki. Kowace a cikinmu ta haddace alamomin da ba a jira da su: ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, jijjiga, zubar jini, naƙudar da ta kwana ta yini. Wadda ta taɓa leƙa ɓangaren masu yoyon fitsari a asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ke aiki tun 2008, ba sai an gaya mata abin da doguwar naƙuda ke jawowa ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu yi mana kwaikwayo. Mace ta ɗauki gida biyar, shida a lokaci guda don ta karya farashi, ta zo a gurguje ta fyaɗa wa yarinya tafasasshen ruwa ta wuce, ko ƙafar mai jegon ba ta duba ba ta ga ko ta kumbura. Sai ka ji maigida yana ce min, "Haba Inna, ruwan zafi ne fa kawai, wance ma rabin haka take karɓa." Ranar da fata ta saluɓe ko jiki ya rikice, ni ɗin dai ake aiko wa da yaro a kan babur.

Abu ɗaya Goggo ba ta koya min ba, shi ne hutu, don ita ma ba ta san shi ba. Haka na taso, waya a ƙarƙashin matashi, mayafi da tocila a bakin ƙofa. Tuwo na kan wuta a kira ni, in bar wa yara. Sallah nawa na ci a barandar asibiti, ban ƙirga ba. Ina ganin wannan shi ne riƙon amana.

Daminar 2022 ce ta dawo da ni hayyacina. Babbar 'yata ta zo gida goyon ciki, na fari, watanta ya tsaya. Aka kira ni wani ƙauye a hayin ruwa, na ce zan je in dawo kafin la'asar. Ambaliyar shekarar nan ta cinye hanya, na kwana uku a can. Yarinyar da na je dominta ta sauka lafiya, alhamdu lillahi. Tawa kuwa a dare na biyu naƙuda ta kama ta, maƙwabciya ce ta raka ta asibiti, kuma ba wanda ya san a duba yatsun ƙafarta. Da na dawo na tarar da jika a zani, ita kuma ta juya fuska bango. Malam bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Uwar yara, 'ya'yan mutane sun samu uwa. Naki fa?" Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Bayan suna na tara matan da nake koya wa aiki muka shata tsari. Waya ɗaya ce ta aiki, kuma zagayawa take: mace biyu ke jiran kira kowane mako, sauran su yi barcinsu. Wadda ta kwana a naƙuda ba ta fita washegari, ko wa ya kira, domin idon da bai runtsa ba shi ke kasa ganin jini ya wuce kima. Ba mai riƙe gidan jego fiye da biyu, tunda wanka safe da yamma ne, tun asuba ake hura wuta. Muna da littafi, muna rubuta watan kowace mai ciki daga katin awonta, idan wata ya cika sai mu ce a yi haƙuri. Da kaka muna sassauta wa juna saboda riɗi da zoɓo da gyaɗa, azumi mu raba goma-goma, wadda ta yi jiran ƙaramar Sallah ba ta yin na babba. Kuma duk wadda 'yarta ko ƙanwarta ta shiga watan haihuwa, an cire ta daga layi sai an yi arba'in. Wannan dokar ni na kawo ta.

Ba a karɓa da sauƙi ba. Har yanzu akwai surukar da za ta dage, "Ni dai Inna nake so, ba yaranta ba." Nakan ce mata, Yaya, waɗannan hannuna ne, ba wadda na saki sai da ta shekara tana bina. Wasu sun yi fushi sun koma wurin masu araha, biyu daga ciki sun dawo a haihuwa ta gaba. Akwai kuma masu ɓoye ciki, sai tsakar dare su bugo, ba kati, ba mota a shirye, sannan da safe a zauna cinikin kuɗi kamar ana sayen akuya.

Mai son mu ya turo tun ciki na wata bakwai, a zo da katin awo, a kuma tsayar da direban da za a kira tun kafin ranar. Wannan makon wayar tana hannun abokiyar aikina ta wajen Gujungu, sai ranar Lahadi in an tashi kasuwa za ta aiko min. Ni ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, jikar nan tawa ta shekarar ambaliya na zaune a gefena tana kwashe wadda na ɓare.