Kwalbar Maganin Olsa Ba Ta Warkar Da Gyambon Ciki

A Gombe da wuya ka shiga gida ka rasa farin maganin nan da ake girgizawa kafin a sha, ko Gestid ko Mist Mag. Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai yi shekara da shekaru yana sayensa a kemis duk lokacin da ƙwannafi ya taso masa, ba tare da an taɓa bincika abin da ke cin cikinsa ba.

Irin wannan magani, mai sinadarin magnesiyam ko alminiyam, kaifin tsamin da ya riga ya taru a tumbi kawai yake kashewa, shi ya sa ake samun sauƙi cikin mintuna, zafin kuma ya dawo bayan awa ɗaya ko biyu. Omeprazole kuwa, wani maganin gyambon ciki, hana tumbi fitar da tsamin yake yi, don haka ake shan sa rabin awa kafin karin kumallo, mai azumi kuma kafin sahur.

Sai dai yawancin gyambon ciki yana da sanadi, kuma an san shi. A 1982 wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa shi, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida, likita kuma kan haɗa omeprazole da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu na kimanin mako biyu. Sanadi na biyu shi ne magungunan rage raɗaɗi irin su diclofenac da ibuprofen da manoma, leburori da 'yan acaba ke haɗiya don gajiya, sau da yawa ciki babu komai, kuma ina ganin wannan ne muka fi sakaci da shi.

Jiƙa kanwa da iyayenmu ke yi yana kwantar da ƙwannafi, amma gishirin cikinta ba ya yi wa mai hawan jini kyau. Mai juna biyu da ke shan maganin ƙarin jini, ko mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ciprofloxacin, ya kamata su sha nasu maganin aƙalla awa biyu kafin su sha farin maganin nan na ƙwannafi, domin yana hana jiki tsotse su. Wanda kuma ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, alama ce gyambon na zubar da jini, kuma asibiti zai nufa a ranar.