Alkawarin kujera ɗaya

Makonni uku ke nan da na ajiye aiki a ƙaramin kamfanin da muka shafe fiye da shekara biyu muna gina wasan kwamfuta na dabara irin na bi-da-bi, wanda kowane ɗan wasa ke jiran zagayensa, kuma sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya zama in rubuta abin da na kwaso daga wurin. Waɗanda muka yi aiki tare sun san matsayina: ni ne tsakanin masu gina wasan da mutanen da suka sa shi a jerin abin da suke jira a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta a intanet, ni nake kai tambaya ciki in dawo da amsa waje. Ba zan ambaci sunan kamfanin ko na kowa ba, domin akwai mutanen kirki a can da har yanzu suke cin abinci da wannan wasa.

Masu jiran irin wannan wasa ba sa zama hannu rabbana. Idan muka saki hoton taswira guda, kafin gari ya waye wani ya ƙirga gidajen taswirar, irin na dara, da ke tsakanin birni da birni, wani kuma ya hango ƙaramar alama a kusurwar allo ya yanke hukunci cewa akwai tsarin kasuwanci da ba mu sanar ba tukuna. Kowannensu ya riga ya kammala nasa wasan a ransa, kuma yawanci da tubalin wasan da ya so a ƙuruciya ya gina shi. Tun daga 1991 da mai ƙera wasanni Sid Meier ya fitar da Civilization na farko, wasan gina dauloli, fannin yake tara mutanen da ke shafe ɗaruruwan sa'o'i a wasa ɗaya, har wasunsu sun fi mu sanin tarihin abin da muke ginawa. Namu masu jiran sun rabu gida biyu tun daga farko: masu kewar Civilization IV na 2005, inda ake jibge runduna mai yawa a gida ɗaya a tura ta gaba, da waɗanda suka saba da Civilization V na 2010, wanda ya zo da gidaje masu kusurwa shida da dokar rukunin soja ɗaya a gida ɗaya. Mutanen Firaxis, kamfanin da ya yi waɗannan biyun, suna da ƙa'idar da suke yawan ambata, cewa sabon wasa ya zama kashi ɗaya cikin uku tsohon abu, kashi ɗaya gyararre, kashi ɗaya sabo fil. Ni dai ban taɓa ganin mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan wane kashin za a bari yadda yake ba.

Duk wannan na iya da shi. Abin da ya kayar da ni shi ne wasan kujera ɗaya, wato mutum biyu ko fiye su kara a kwamfuta guda, wannan ya gama zagayensa ya tashi, wancan ya zauna. A nan ina da rauni. Da Heroes of Might and Magic III, wanda ya fito a 1999, na fara sanin fannin, shekaru bayan fitowarsa, a wata tsohuwar kwamfuta da muke rabawa da yayana. A dara komai a fili yake, kana kallon hannun abokin karawarka yana motsi. A nan kuwa kowa da sirrinsa, don haka idan zagayen yaya ya zo sai in juya fuskata bango, ina jin ƙarar linzamin kwamfuta, har ya ce in juyo. Shi ya sa da tambayar ko wasanmu zai zo da kujera ɗaya ta fara yawaita, daga iyaye masu son wasa da 'ya'yansu, da ma'aurata, da mazauna wuraren da intanet ba ta da ƙarfi, na ji kamar tawa tambayar ce suke yi.

A wani taronmu na mako, ta bidiyo kamar kullum, na kai ta gaban shugaban aikin. Ya ce zai shiga, abu ne mai sauƙi tunda wasan dama bi-da-bi ne, kuma in faɗa musu. Mu biyar ne a taron, babu wanda ya ce uffan, har da babbar mai rubuta manhajarmu, wadda daga baya ta gaya min cewa ta so yin magana amma ta ga wurin bai dace ba. A daren na rubuta sanarwa, na sa jimla guda: za a iya yin wasan kujera ɗaya tun daga ranar fitowa. Ban ce muna fata ba, ban ce muna dubawa ba. Ban kuma nemi shugaban aikin ya tabbatar min ko da layi ɗaya a rubuce ba, saboda na ji da kunnena, kuma tarbiyyar da na tashi da ita ta sa nake ganin neman rubutu daga babba bayan ya yi magana a gaban mutane rashin ladabi ne. Magana zarar bunu ce, na zare ta da hannuna.

Bayan wata bakwai mai manhajar ta kira ni ni kaɗai, ta nuna min allonta. Tun daga tushe an gina wasan a kan cewa mutum ɗaya ne a gaban kwamfuta. Saƙonnin da ke faɗowa a gefen allo duk nasa ne, allon sulhu kuma ya ɗauka cewa ɗaya ɓangaren zai amsa nan take, ba sai an jira wani ya zo ya zauna ba. Ta gwada a gabana: ta gama zagayen ɗan wasa na farko, ta miƙa wa na biyu, sai ga biranen na farko da taskarsa da inda ya ɓoye rundunarsa duk a fili na 'yan daƙiƙoƙi kafin hazon da ke rufe taswira ya sauka. Ta buɗe jerin wuraren da sai an gyara, ta yi ta jansa ƙasa, bai ƙare ba. Gyaran zai ci watanni, kuɗin kamfanin kuma ba zai kai ba. Na fahimci dalilin, kuma har yau ban ga laifinta ba, ban ma ga laifin cire wasan kujera ɗaya da aka yi ba.

Laifin yana cikin abin da ya biyo baya. Na roƙi shugaban aikin mu sanar a makon, mu bayyana dalili, mu ba da haƙuri tun kafin kowa ya fitar da kuɗinsa. Ya ƙi. Ya ce labari mara daɗi kafin fitowa zai rage yawan masu jira, kamfanin da zai sayar da wasan a madadinmu kuma wannan adadin yake dubawa kowace safiya. Ya umarce ni in daina taɓa maganar. Wata huɗu na yi ina amsa kowace tambaya ina tsallake wannan. Akwai wani bawan Allah da ya rubuto sau uku, cikin ladabi, yana cewa ya yi wa 'yarsa alkawarin za su fara wasan tare a hutun makaranta, yana so ya tabbatar. Na karanta duka ukun, na san amsar, na ja bakina na yi shiru. Jimlar farko kuskure ce da na yi da zuciya ɗaya. Shirun nan kuwa da sanina na yi shi, don tsoron rasa aiki, kuma shi ne yake hana ni barci.

Ranar da wasan ya fito, ba a yi awa uku ba hoton sanarwata ya fara yawo. Steam yana mayar wa mai saye kuɗinsa idan bai wuce kwana 14 da saye ba kuma wasansa bai kai awa 2 ba, kuma mutane da yawa sun bi ta wannan ƙofa. Sharhi marasa daɗi suka taru a sama, kalmar da ta fi maimaituwa a cikinsu ita ce ƙarya. Washegari kamfanin ya fitar da bayanin da ban gani ba sai da kowa ya gani, yana cewa wani ma'aikaci ya yi magana a kan abin da ba a taɓa amincewa da shi ba. Ba a sa sunana ba, amma sunana ne a ƙasan kowace sanarwa tun shekara biyu. Na kira shugaban aikin na tuna masa taron. Ya ce shi abin da ya tuna, cewa ya yi za a duba, sannan ya tambaye ni ko ina da wani abu a rubuce. Ba ni da shi. Cikin mutum ukun da suka ji, mai manhajar kaɗai ta turo min saƙo a ɓoye cewa ta tuna, ni kuma ban nemi ta faɗa a fili ba, tana da iyali.

A daren yayana ya kira ni, domin shi ma yana cikin masu jira, kuma ni na ce ya jira. Ya ce, "Haba ƙanena, ai da ka gaya min tun da wuri, da na ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, shi ke nan." Na ce, "Yaya, an hana ni." Ya ce, "An hana ka, kai kuma ka hanu." Ban samu abin cewa ba.

Rashin kujera ɗaya shi kaɗai ba ya kashe wasa. Civilization V ya fito babu shi, aka ƙara daga baya. Civilization VII ma ya fito babu shi a Fabrairun 2025, kuma ƙorafin da ya fi ƙarfi a kansa ya shafi tsarin allo ne da tilasta wa mutum canza al'ummar da yake jagoranta a tsakanin zamani da zamani na cikin wasan. Mu abin da ya same mu shi ne mun ce akwai, muka san babu, muka bari aka biya. Daga nan na raba maganata gida uku: abin da muke so, abin da muke gwadawa, da abin da aka gama aka gwada, na ƙarshen ne kaɗai ya cancanci a haɗa shi da ranar fitowa. Ga wanda zai zauna a irin kujerata, duk wanda ya ce ka faɗa wa jama'a abu, ka nemi ya rubuta maka. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Sauran darussan ba su yi min ciwo haka ba. Na koyi cewa adalcin da ɗan wasa yake jira na zuciya ne fiye da na lissafi. Sid Meier ya yi bayanin wannan a taron masu ƙera wasanni na 2010 a San Francisco: wanda aka nuna masa cewa ƙarfinsa uku ne, na abokin gabansa kuma ɗaya, ba ya karɓar faɗuwa, alhali lissafi ya ce zai faɗi sau ɗaya cikin huɗu. Wasan dabarun yaƙi XCOM 2 na 2016 har ƙara wa ɗan wasa sa'a yake yi a ɓoye a matakan sauƙi. Mu mun nuna lambobin gaskiya, masu gwaji suka rantse cewa lissafinmu a karkace yake, domin harbin da aka nuna sa'arsa kashi 90 ce cikin ɗari amma ya kuskure sau ɗaya ya fi zama a rai a kan tara da suka samu.

Na koyi cewa wasan da daɗinsa ke fitowa bayan dogon zama, a awa 2 na farko ake yanke masa hukunci. Masu neman kwamfuta mai wayo a matsayin abokiyar karawa, yawancinsu wadda ba za su kama tana maguɗi ba suke nufi. Kada a saki hoto da alamar abin da ba a gina ba.

Kafin in tafi na bar wa wanda zai gaje ni jadawali guda, wanda babu wanda ya sa ni yin sa. Na tattara duk alkawarin da muka taɓa yi wa masu jira, kowanne da ranar da aka yi shi, da halin da yake ciki, da wanda ya ba da izini. Mafi yawansu an cika su, kuma ina alfahari da hakan. A layin kujera ɗaya, a gurbin mai izini, na rubuta muƙamin shugaban aikin da ranar taron, a gurbin wanda ya yi shiru kuma na rubuta sunana. Na ga alamar cewa shugaban aikin ya buɗe jadawalin a yammacin ranar. Bai goge layin ba, bai kuma ce min komai a kansa ba har na miƙa kalmomin sirri na fita.