Na cire kilim ɗin jirgina, hudar da ya bari ta kusa nutsar da shi

Kilim, wato injin sanyaya wuri, na jirgin ruwa ba kamar na ɗaki ba ne, da ruwan kogi yake huce zafinsa. Akwai huda a gindin jirgi, ƙasa da inda ruwa ke tsayawa, da robine a kanta mai buɗe ruwa da rufe shi, da rariya mai tare datti, da ɗan famfo mai jawo ruwan ya zagaya cikin inji ya fita ta gefe. Wannan hudar ce ta ci mini kuɗi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Jirgin na fiba ne, na hannu na saye shi nan Yamai, da kilim ɗinsa a ɗan ɗakin gaba. Baƙi nake ɗauka zuwa Bubon ranar kasuwa, ko masu son ganin dorina. Ba wanda ke zama cikin ɗakin, kowa waje yake so, inda iska ke kaɗawa. Ga shi kilim ɗin wutar 220 yake ci, sai an tada gurup, wato injin wuta, ƙara da hayaƙin esansi su ishi mutane.

Kogin kansa ma bai yarda da shi ba. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwa ya janye, tsibiran yashi sun fito, famfon yashi yake zuƙa. Da damina ruwan ja ne jawur don laka, ga kainuwa, rariyar ba ta daɗewa ta toshe. Disamba da Janairu kuwa, da ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso kogi ya cika, hunturu ake yi, wa zai nemi sanyi? Yayana ya ce in bar shi, ranar da zan sayar da jirgin zai ƙara masa daraja. Maganarsa tana kan hanya, amma injin da ya yi shekaru ba a kunna ba, ban ga mai sayen da zai ƙara ko dala a kansa ba. Nauyinsa da na gurup kuma ni ke jin su duk lokacin da gindin jirgi ya goga yashi.

Na kira mai gyaran kilim da firiji. Ya kwashe gas ɗin cikin tukunya, ya kwance inji, shi da yaronsa suka fitar da shi da ƙyar. Da ya zo kan tiyon ruwa sai ya tarar hannun robinen ya ci tsatsa, ya ƙi juyawa. Bai faɗa mini ba. Ya yanke tiyon, ya lanƙwasa bakinsa, ya ɗaure da robar tayar babur, ya tura ƙarƙashin katako ya rufe. Tsohon tiyo ne da zafi ya busar, a daidai lanƙwasar ya tsage.

Kafin kiran assalatu dattijon da ke gadin jirage ya kira ni. "Ɗana, taso maza, jirginka ya zauna." Na ce, "Baba, ya zauna kamar yaya?" Ya ce in zo in gani da idona. Na tarar ruwa ya kai ƙauri, batura biyu sun nutse, wayoyi duk cikin laka. Da tocila na ga ruwan yana ɓulɓulowa daga tsagar tiyon. Baba ya fere itace da wuƙarsa, ya naɗe da tsumma, ya cusa cikin bakin robinen, sannan muka kama kwarfa da bokiti har rana ta fito. Allah Ya saka masa da alheri, don ba domin shi ba da jirgin yana ƙasan kogi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne magana ɗaya ta isa: "Alhaji, robine ya ƙi rufuwa." Da ya faɗa, da a ranar na sa an ja jirgin kan tudu.

Ƙarshe dai tudun aka kai shi, gefen Harobanda, kusa da gadar Kennedy. Mai aikin fiba ya cire robinen ɗungurungum, ya goge kewayen hudar, ya bar ta ta bushe sosai, ya liƙa fiba falle kan falle ciki da waje. Hudar gefe, inda ruwan ke fita, ita ma na sa an toshe, don in jirgi ya yi lodi tana taɓa ruwa.

Mai shawarar cirewa, ya fara kama hannun robinen ya gwada kafin a taɓa komai, kuma a yi aikin alhali jirgi yana kan tudu, lokacin janyewar ruwa. Mai son barinsa kuwa, ya riƙa kunna shi jefi-jefi, ya wanke rariya, ya rufe robinen duk daren da zai bar jirgin. Wurin da injin ya bari yanzu rigunan ceto nake ajiyewa, ɗakin kuma fanka biyu masu cin wutar batir ta volt 12 da faifan sola ɗaya sun ishe shi.