Taron fastoci da muka je

Jiya da daddare muka dawo daga taron fastoci, har yanzu muryata ba ta dawo ba saboda waƙa. Mu goma sha ɗaya muka tafi daga cocinmu, Baba Fasto da matarsa da dattawa biyu sai mu matasa masu ɗaukar jaka, ni dai gaskiya da farko rakiya kawai na je.

Jama'a kam ba a magana, zauren ya cika maƙil har waje, in ka tashi shan ruwa to kujerarka ta tafi kenan. Amma da aka soma waƙar yabo dubban mutane da murya ɗaya sai da tsigar jikina ta tashi.

Wa'azin da ya fi kama ni shi ne na rana ta biyu, daga littafin Fitowa sura 18 a Littafi Mai Tsarki, inda Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma shi kaɗai, ya ce masa abin nan ba shi da kyau, zai gaji, ya naɗa shugabanni na dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. Ina waigawa sai na ga Mama, matar Baba Fasto, tana zungurarsa da gwiwar hannu, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murmushi.

A mota da muke dawowa ya ce mini, "Ɗana, daga wannan sati ziyarar marasa lafiya ta koma hannunku."