Silin gashin da na gani a famfas ɗin 'yata

'Yata tana da wata 4 gashina ya soma zuba, irin zubar da mata da yawa ke yi bayan jego. Duk tsifar da na yi sai mataji ya cika. Filo, tabarma, zanin goyo, ko'ina gashi. Ita kuwa lokacin ta iya damƙa, abin da hannunta ya kama duk sai baki.

Wata safiya a gidanmu na Gwammaja ina canza mata famfas, sai ga dogon silin gashi, rabi a waje rabi a ciki. Gabana ya faɗi. Na kai hannu zan finciko, surukata ta riƙe ni.

"Kul, 'yar nan! Kin san inda ya naɗe a ciki?"

Muka tari adaidaita sahu zuwa asibitin unguwa. Nas ɗin ta ce Hajiya ta yi daidai, in ya ƙi fitowa cikin sauƙi ba a ja. Ciki ba ya narkar da gashi, domin da shi da farce asalinsu ɗaya, amma sili ɗaya ko biyu yakan bi kashi ya fita. Curin gashin da ke taruwa a ciki har a kai ga tiyata, an fi ganinsa ga yaran da suka tasa, musamman mata, masu cizge gashinsu suna ci wata da watanni. Abin da ta ce kar in yi wasa da shi: amai ba tsayawa, kumburin ciki, ƙin nono, jini a kashi. In kuma gashi ya shiga bakinta, in cire wanda idona ke gani kawai, ban da lalube da yatsa a maƙogwaro.

Sai ta zare wa yarinyar safa tana duba yatsun ƙafarta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce nan gashi ya fi yi wa jarirai ɓarna.

Bayan sati biyu na gane. Cikin dare yarinya ta tsala kuka, nono ta ƙi, goyo ta ƙi. Na tuna, na cire safar, na haska fitilar waya. Yatsanta na tsakiya ya kumbura ya yi ja, ga wani siririn layi kamar an ɗaure shi da zare. Gashina ne, ya zagaye shi har ya fara nutsewa cikin fata. Hannuna na rawa na samo bakinsa na warware, Allah Ya taimake ni bai yi nisa ba. Da safe na mayar da ita aka duba. Irin wannan ɗauri yana tsayar da jini, in aka makara yatsa kan lalace. Ga yara maza har a gabansu yakan naɗe.

Tun ranar ba na shayar da ita sai da ɗankwali, ba na tsifa a ɗakin da take kwance, safarta kuma sai na juya cikinta na kaɗe kafin in sa mata. A da ina ganin Hajiya tana dunƙule gashin mataji ta binne, ina ɗauka tsoron sammu ne kawai. Yanzu tare muke tsince shi daga tabarma.