Yadda 641 ta kunyata ni

Har yau in na ga lambar 641 sai in ji wani abu ya tokare min wuya. Kwana uku na yi ina bin 4,294,967,297, wato 2 ninke da kanta har sau 32, a ɗora 1 a kai. Aikin da aka ba ni shi ne in fayyace irinta gaban ɗaliban da nake koya wa lissafi. Cewa mara ce ba cika ba, wannan ko yaro ya gani. Abin da ya rage shi ne ko tana cikin lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu.

Na sa kwamfuta ta yi ta rabawa har zuwa 500, ba a sami ko ɗaya ba. Sai na gaji, na koma ga gwajin Fermat da tushe 2 (a ninka 2 da kanta sau adadin lambar ban da ɗaya, a raba da lambar; in ragowa 1 ce, ta haye), lambar kuwa ta haye lafiya lau. Nan na rufe littafi. Ga 'yan'uwanta 3, 5, 17, 257 da 65,537, wato 2 ninke da kanta sau 1, 2, 4, 8 da 16 a ɗora 1, duk marasa rabuwa, ita me zai hana ta?

Ina gama bayani wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, an gwada 641?" Muka raba a kan allo, 6,700,417 ta fito cif, ba ragowa. Na rasa inda zan sa kaina.

Abin da ya fi ba ni haushi, 500 ɗin nan ni na zaɓe ta da ka, ba don wani dalili ba. Ƙa'ida ita ce a kai 65,536, domin in ka ninka ta da kanta 1 kacal ya rage ka cimma lambar. Da na ƙara ko da 150 ne, da ban sha wannan kunya ba. Gwajin tushe 2 kuma tun farko ba shi da amfani a nan, domin duk lambobin wannan dangi suna haye shi, masu rabuwa da marasa rabuwa. Da 3 na sa, da asirinta ya tonu nan take.

Daga baya na karanta cewa Fermat, masanin lissafi na Faransa, da kansa ya zaci lambar ba ta rabuwa tun 1640, sai a 1732 wani masanin lissafin, Euler, ya fito da 641. Wannan ya ɗan sanyaya min rai, ko da yake shi Fermat ba shi da kwamfuta. An kuma tabbatar cewa duk mai raba wannan lamba, in ka raba shi da 64, ragowarsa 1 ce. Ke nan, cikin marasa rabuwa, 193, 257, 449, 577, sai 641. Gwaji biyar! Ni kuwa na ɓata kwana uku.

Washegari na gyara rubutun allo: mara ce, masu raba ta huɗu ne rak, 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Ɗalibar nan kuwa har yanzu "Malam 641" take ce min in ta ga ba kowa kusa.